Gani Ya Kori Ji? Birnin Wida da Rabonmu Cikin Tarihin Bakin Teku

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, suna kuma cewa gani ya kori ji. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ƙungiyar malaman makaranta ko ta masu raya al'adu ta tara kuɗi lokacin hutu don ta kai ƴaƴanta ganin teku. Ga mutumin Kanan-Bakashe, ko Mayahi, ko Tasawa, wanda ya tashi cikin kwarin Gulbin Kaba inda ruwa ba ya daɗewa a ƙasa, ganin tekun kaɗai ma abin labari ne. Amma akwai wani birni na bakin teku wanda ziyararsa ta wuce kallo, shi ne Wida, wanda Faransawa ke rubutawa Ouidah, kimanin kilomita 40 yamma da Kwatano, cikin Jamhuriyar Benin. Tambayar da wannan maƙala ke son amsawa ita ce: idan ɗan ƙaramin ayari na Hausawa ya bi bayan jagora a titunan Wida, tarihin wa ake ba shi? Na wasu ne, ko kuwa har da nasa?

Yadda ake zagaya baƙi

Zagayen Wida yana da tsari sananne. Akan fara da tsohuwar ganuwar Fotugal, wadda aka gina a 1721, ta zauna hannun Fotugal har 1961, daga baya aka mai da ita gidan tarihi. Sai ɗakin bautar mesa, wanda ke fuskantar babbar majami'ar Katolika, sai kurmin Kpassè. Daga nan jagora yakan tsai da baƙinsa a dandalin Chacha, ya ce nan ne ake cinikin bayi. Daga wannan dandali zuwa bakin ruwa tafiyar kilomita 4 ce ko kusan haka, ita ake kira Hanyar Bayi.

A kan hanyar akwai zanguna. Akwai Itaciyar Mantuwa, wadda aka ce maza kan kewaya sau 9, mata sau 7, don su manta da gida. Akwai Zomaï, wurin da aka ce ana tsare bayi cikin duhu. Akwai ramin Zoungbodji, inda aka ce ana jefa waɗanda suka mutu kafin jirgi ya zo. Akwai Itaciyar Komowa, wadda aka ce ana kewayawa sau 3 don kurwa ta dawo gida bayan mutuwa. Daga ƙarshe sai a fito kan rairayi, a tsaya ƙarƙashin Ƙofar Tafiya Ba Dawowa, teku na ruri a gaba. Mutane da yawa nan hawaye ke zubo musu, kuma ba laifi.

Abin da ya tabbata da abin da aka gina daga baya

Malamin makaranta, sai dai, yana da wani nauyi da ya wuce na sauran baƙi, domin abin da ya ji shi zai kai aji. Ya kamata ya rarrabe tsakanin shaida da abin tunawa. Ƙofar nan ba ta zamanin bayi ba ce, an buɗe ta ne a 1995, zamanin shugaba Nicéphore Soglo, shekara guda bayan hukumar UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bayi a garin, a 1994. Gumakan da ke jere bakin hanya an kafa su ne don bikin da aka sa wa suna Ouidah 92, wanda aka yi a farkon 1993. Labarin kewaya itatuwa kuwa na baka ne, masu bincike ba su same shi cikin rubuce-rubucen waɗanda suka ga cinikin da idonsu ba. Wannan bai sa ya zama abin yarwa ba, domin yana nuna yadda jikokin mutanen garin ke fama da abin da kakanninsu suka gani ko suka aikata. Amma a faɗa wa ɗalibi matsayinsa.

Abin da ya tabbata ya fi abin da aka ƙaga nauyi. A 1727 Sarkin Dahomey Agaja ya ci Savi, babban birnin masarautar Hueda, Wida ta zama ƙofar Dahomey zuwa teku. Ingilishi da Faransawa da Fotugal kowa yana da ganuwarsa a garin, amma iko na hannun wakilin sarki mai kula da Turawa, wanda ake kira Yovogan. Garin ba shi da tashar jiragen ruwa. Jiragen sukan tsaya nesa, a ɗebi mutane cikin kwalekwale a ratsa igiyar ruwa mai hatsari da su. Robin Law, wanda ya wallafa tarihin garin a 2004, ya nuna cewa mutanen da aka fitar ta wannan gaɓa sun haura miliyan ɗaya. Chacha kuwa laƙabin Francisco Félix de Souza ne, ɗan Birazil da ya taimaki Ghezo ya hau gadon Dahomey a 1818, ya zama babban dillalin bayi har ya mutu a 1849. Ko a 1860, bayan an daɗe da haramta cinikin, jirgin Clotilda ya kwashi mutane kimanin 110 daga Wida zuwa Alabama ta Amurka.

Wurin Tasawa daga ina?

Jagoran Wida ba safai yake ambaton ƙasar Hausa ba, amma alaƙar tana nan. Farkon shaida ita ce kalmar da muke furtawa kullum: kuɗi, jam'in wuri. Wurin da kakanninmu suka yi ciniki da shi ba a Kwara aka tsince shi ba, ba kuma a tafkin Cadi ba. Asalinsa tsibiran Maldib ne na tekun Indiya. Jiragen Turawa ke kawo shi gaɓar Wida da maƙwabtanta, kuma babban abin da ake saye da shi a can shi ne mutum. Daga gaɓa sai ya hauro ta Oyo da Nufe har kasuwannin Hausa. Baturen nan Heinrich Barth, da ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851, ya ba da labarin wahalar da fatake ke sha wajen ƙidayar wuri ɗaya bayan ɗaya, zambar bisa zambar. Ke nan kuɗin da aka sayi gero da gishiri da su a Tasawa, wani kaso nasu ya shigo Afirka ne a matsayin farashin ɗan Adam.

Shaida ta biyu hanya ce. Ayarin goro da ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, da madugunsa da jagabansa da malaminsa, yakan ƙetare Kwara ya ratsa ƙasar Borgu, ya yada zango a Nikki da Jugu kafin ya kai Salaga. Daga waɗannan garuruwa akwai hanyoyin da ke gangarawa kudu zuwa teku. Kanwa da tufafi da dawaki na bin su, bayi ma na bin su.

Hausawan Bahia

Jihadin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya fara a 1804. Birnin Katsina ya faɗi wajen 1807, Alƙalawa a 1808. Gidan sarautar Katsina ya yiwo arewa, har Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi, Gobirawa kuma daga baya suka kafa Tsibiri. Yaƙi tsakanin waɗannan garuruwa da daular Sakkwato ya ci kusan ƙarnin gaba ɗaya, kuma kowane ɓangare yana kamu. Wasu daga cikin waɗanda aka kama, musamman samari majiya ƙarfi, an miƙa su hannu zuwa hannu har Ikko da Badagiri da Porto-Novo da Wida, aka ɗora su a jirgi zuwa Bahia ta Birazil.

Ba su zauna shiru a can ba. A watan Mayu na 1807 gwamnan Bahia ya gano shirin tawayen bayi Hausawa a birnin Salvador. An sake tashi a 1809, sannan a 1814 a wuraren kamun kifi na Itapuã. A daren 24 ga Janairu 1835, cikin watan azumi, aka yi babban tawayen Musulmi da ake kira na Malê. Mafi yawan masu shi Yarbawa ne, amma akwai Hausawa, kuma a jikin waɗanda aka kashe an sami layu da takardu da rubutun Larabci. Bayan an murƙushe shi aka koro ƴantattun bayi da dama zuwa gaɓar da aka ɗebo su, unguwar Maro ta Wida kuma na cikin wuraren da Musulmin da suka komo suka zauna. A 1851 ƙaramin jakadan Faransa a Bahia, Francis de Castelnau, ya wallafa hirarrakin da ya yi da bayi Hausawa, suna lissafa masa garuruwansu da zangunan da aka biyo da su.

Akwai ma wanda ya bar labarinsa. Mahommah Gardo Baquaqua ɗan Jugu ne, mahaifiyarsa kuwa Bakatsiniya. An sace shi, aka ratsa da shi ta Wida wajen 1845, aka kai shi Pernambuco. A 1847 ya tsere daga jirgin ubangidansa a New York, a 1854 aka buga tarihin rayuwarsa a Detroit. Wasu kuma jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato su a teku aka sauke su a Firitawun ta Saliyo. Daga bakin irin waɗannan ne James Schön ya fara koyon Hausa, ya fitar da littafin kalmominta a 1843. Abin lura ne ga duk mai koyar da harshen nan cewa farkon rubuta shi da boko ya ratsa ta hannun waɗanda aka raba da gida.

Ɗaya gefen tabarma

Zai yi daɗi a tsaya nan, a ce mu ma an zalunce mu. Amma tarihi ba ya yarda da rabin magana. Wanda aka sayar a Wida, wani ne ya fara kama shi, wani ya yi dillancinsa a kasuwa, wani ya ɗaura masa mari, kuma cikin waɗannan akwai masu jin Hausa. Bayin da suka kai teku ma kaɗan ne idan aka gwada da waɗanda aka bari suna noma a rumada, ko aka ƙetara Sahara da su. Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram wajen Kance, wanda ya raka Barth har Landan a 1855, kuma labarinsa ya fito cikin Magana Hausa na Schön a 1885, ba Bature ya kama shi ba. Sai a 2003 Nijar ta sa hukuncin bauta cikin dokar laifuffukanta, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta same ta da gazawa wajen kare wata mata da aka riƙe a matsayin baiwa. Mutanen Benin sun yi ƙarfin hali sun kafa alamomi a wurin da kakanninsu suka yi ciniki. Mu a wace kasuwa tamu muka kafa ko da allo guda?

Hanyar ba ta mutu ba

Bayan Faransa ta mamaye Wida a 1892, ciniki ya koma Kwatano. Layin dogo ya kai Parakou a 1936, daga 1953 kuma aka shirya jigilar da ake kira Hirondelle: motoci su hauro da kaya daga Parakou, su koma da gyaɗa. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta OCDN, a 1965 aka buɗe tashar jiragen ruwan Kwatano. Gyaɗar manoman jahar Maraɗi ta bi wannan hanya, ƴan ci rani da alhazai ma suka bi ta, har unguwar Zongo ta Kwatano ta zama kamar gida. Rufe gadar Gaya da Malanville da aka yi a 2023 ya tuna wa kowa yadda cikinmu yake ɗaure da waccan gaɓa.

Shawara ga masu shirya tafiya

Duk ƙungiyar da Allah ya nufa da wannan ziyara, yana da kyau ta kula da abu huɗu. Na farko, ayarin ya zama kaɗan, yadda kowa zai ji jagora ya kuma sami damar tambaya. Na biyu, a yi karatu tun daga gida, a zana hanyar daga Katsina zuwa Jugu zuwa teku a kan allo, don kada a isa a baƙunci labari. Na uku, a tambayi jagora cikin ladabi, a kowane zango, yaushe aka gina wannan, kuma daga ina aka sami labarinsa. Jagora nagari ba ya ƙin irin wannan tambaya. Na huɗu, a roƙe shi ya biya da ayari ta unguwar Maro, ko da ba ta cikin tsarinsa.

Sauran aikin kuwa a gida yake. Har yanzu akwai tsofaffi a ƙauyukanmu da suka ji daga kakanninsu labarin hari, da gudun tsira, da ɗan'uwan da ya fita bai komo ba. Akwai kirari da waƙoƙin daka da sunayen fagage da ke ɗauke da wannan tarihi. Tattara su, cikin hikima da kiyaye mutuncin kowane gida, aiki ne da malami da ɗalibansa za su iya ba tare da kuɗin mota ba. Idan aka yi haka, ranar da aka tsaya gaban teku za a san daga inda hanyar ta taso. Allah ya sa mu amfana da abin da muka gani da abin da muka ji.