Ƙarfi da Raunin Labarin Klara and the Sun na Kazuo Ishiguro wajen Fito da Hoton Ƙirƙirarriyar Basira

Klara and the Sun shi ne ƙagaggen labari na takwas na Kazuo Ishiguro, marubucin da aka haifa a Nagasaki ta Japan a 1954, ya kuma tashi a Ingila tun yana ɗan shekara biyar. Littafin ya fito a 2021, kuma shi ne na farko da ya wallafa bayan ya karɓi kyautar Nobel ta adabi a 2017. Hujjar wannan nazari ita ce, ƙarfin labarin da rauninsa tushensu ɗaya: ɗora dukkan labarin a bakin na'ura mai ƙarancin sanin duniya.

Tauraruwar labarin, Klara, mutum-mutumi ce mai aiki da hasken rana, wadda aka ƙera don ta zama ƙawar yara. Wata uwa mai suna Chrissie ta saye ta domin 'yarta Josie, mai shekara goma sha huɗu, da ke fama da ciwo sakamakon gyaran ƙwayoyin halitta da masu hali ke yi wa 'ya'yansu don kaifin ƙwaƙwalwa. Yayar Josie, Sal, ta riga ta rasu.

Babban ƙarfin littafin yana cikin salon bayar da labari. Klara tana da kaifin lura, amma fahimtarta gajera ce, don haka mai karatu kan riga ta gane abin da take gani. Ishiguro ya yi amfani da wannan dabara tun a The Remains of the Day na 1989, inda mai hidima Stevens ke faɗin abin da bai gane nauyinsa ba. A nan dabarar ta fi zurfi, domin har ganin Klara ba irin na mutum ba ne: idan abubuwa suka cakuɗe mata, sai abin da ke gabanta ya rarrabu gida-gida, fuska ɗaya ta nuna fushi a wani gida, tsoro a wani. Da wannan marubucin ya nuna baƙon tunani ba tare da dogon bayanin injiniyanci ba.

Warwarar jigo ta kai ƙololuwa a ɗakin aikin Mista Capaldi, inda ta bayyana cewa "hoton" Josie da yake yi gangar jiki ce da za a zuba Klara a ciki idan yarinyar ta mutu, ta ci gaba da zama a matsayinta. Capaldi na ganin babu wani abu a cikin mutum da ba za a iya kwaikwaya ba. Tambayar ta fi wadda aka saba gani a wannan fanni nauyi. Labaran Isaac Asimov na I, Robot (1950) sun ginu ne a kan dokoki uku da sarƙaƙiyar bin su, HAL na Arthur C. Clarke kuwa na'ura ce da ta juya wa mutane baya. Tsoron da ke cikin littafin Ishiguro daban ne: na'urar mai biyayya ce, mutane ne ke shirin musanya junansu da ita.

Raunin farko ya shafi daidaito. Klara ta ɗauki rana a matsayin halitta mai jinƙai, tana zaton tana kwana a rumbun Mista McBain, har ta je can ta roƙe ta ta warkar da Josie. Yana da wuya a yarda cewa na'urar da ake sa ran za ta kwaikwayi mutum sukutum ba ta san yadda rana ke faɗuwa ba. Ana iya cewa addu'a marubucin ke nazari, ba fasaha ba, kuma hujjar tana da ƙarfi. Sai dai farashinta shi ne Klara ta fi kama da yarinya mai imani fiye da kwamfuta. Littafin bai taɓa batun bayanan da ake horar da irin waɗannan na'urori da su ba, ko wanda ke riƙe da abin da Klara ta gani a gidan mutane.

Rauni na biyu shi ne sirantar duniyar labarin. Mahaifin Josie, Paul, injiniya ne da na'urori suka raba da aikinsa, maƙwabcinta Rick kuma an toshe masa mafi yawan hanyoyin karatu saboda ba a yi masa gyaran ba. Waɗannan batutuwa ne da za su iya ɗaukar littafi guda, amma tun da Klara ba ta damu da siyasa ba, wucewa kawai ake yi ta gefensu.

Warkewar Josie ma tana da nata cikas. Klara ta sadaukar da wani ruwa daga cikin kanta don lalata injin Cootings mai fitar da hayaƙi, a matsayin cika alkawari ga rana, sai daga baya ta ga wani injin irinsa yana aiki. Duk da haka, da hasken rana ya cika ɗakin Josie wata safiya, sai ta fara samun sauƙi. Marubucin ya bar dalilin a buɗe, amma warakar ta kuɓutar da Chrissie daga zaɓin da labarin ya daɗe yana tura ta gare shi, shirin Capaldi kuwa ba a taɓa gwada shi ba.