Yadda Mantiƙi Ya Shiga Fagen Zaƙulo Bayanai

Tun a shekarun 1960, lokacin da manyan ɗakunan karatu suka fara ɗora kundin takardunsu a kan kwamfuta, kamar yadda ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka ya yi da tsarin MEDLARS a 1964, an dogara ne ga lissafin George Boole, inda mai bincike ke haɗa kalmomi da «da», «ko» da «ban da», na'ura kuma ta kawo duk takardar da ta cika sharaɗin, ta watsar da sauran. Aibin wannan hanya shi ne ba ta san wace takarda ta fi wata dacewa ba.

William Cooper na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya nemi a 1971 ya ba dacewa ma'ana ta fuskar mantiƙi, wato ilimin fitar da natija daga muƙaddima, inda ya nuna cewa jumla tana dacewa da tambaya idan tana cikin mafi ƙarancin muƙaddimomin da amsar za ta fito daga gare su. Sai dai wanda ya mayar da batun fage mai zaman kansa shi ne Keith van Rijsbergen na Jami'ar Glasgow, a 1986. A ganinsa takarda muƙaddima ce, tambaya kuma natija, kuma tun da da wuya takarda ta tabbatar da tambaya kai tsaye, abin da ya kamata a auna shi ne yawan bayanin da sai an ƙara kafin natijar ta tabbata. Takardar da ke magana a kan kwinin, alal misali, ba ta buƙatar komai sai sanin cewa kwinin maganin zazzaɓin cizon sauro ne kafin ta dace da mai neman bayani a kan cutar, alhali wadda ke magana a kan kududdufai sai an bi ta ruwa, a bi ta sauro, kafin a iso.

Jian-Yun Nie, Fabio Crestani da Mounia Lalmas sun faɗaɗa wannan tunani, amma ya fi ƙarfi wajen bayyana ma'anar dacewa fiye da gina na'ura mai sauri, domin bin diddigin hujja a cikin ɗimbin takardu aiki ne mai cin lokaci. Shi ya sa a gwaje-gwajen hanyoyin zaƙulo bayanai na TREC da aka fara a Amurka a 1992, hanyoyin ƙididdigar kalmomi irin su BM25 suka fi samun karɓuwa.