Makarantar Firamare a Garwa: Zaɓin Iyaye da Hannun Addini

A ƙasar Ailan, inda cocin Katolika ke riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na makarantun firamare, gwamnati ta kafa kwamiti a 2011 don duba yadda za a miƙa wasu ga hukumomin da suka haɗa mabiya addinai daban-daban. A arewacin Kamaru lamarin ya sha bamban. Dokar ilimi ta 14 ga Afrilu 1998 ta ce makarantar gwamnati ba ta da addini. Makarantu masu zaman kansu kuma an kasa su gida huɗu: na Katolika, na Furotesta, na Musulunci, da waɗanda ba ruwansu da addini. A takarda dai, uba a Garwa yana da ƙofofi biyar.

Ƙofofin nan tarihi ne ya gina su. Mishan ɗin Lutaran daga Amurka da Nowe sun zauna a Ngaundare tun shekarun 1920. Limaman Katolika na ƙungiyar Oblat sun iso a 1946 ƙarƙashin Yves Plumey, wanda ya zama bishop na farko a Garwa a 1955. Da yake lamidai ba su sakar musu birane ba, sai suka fi karkata ga ƙauyuka da duwatsu, kamar Tokombere inda limamin Katolika Baba Simon ya zauna daga 1959. Iyaye Musulmi da dama suka riƙe 'ya'yansu a makarantar allo, suna tsoron kada boko ta raba yaro da sallarsa. Shugaba Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa da ya yi allo ya yi boko, ya nemi tsaka-tsaki a shekarun 1960 da makarantun Faransanci da Larabci, kuma har gobe suna nan.

A ganina, wanda ya tsaya kan tambayar wane addini ke riƙe da makaranta bai taɓo inda ke yi wa iyaye ƙaiƙayi ba. A birni an daɗe da cakuɗuwa: Musulmi kan kai ɗansa makarantar Katolika don tarbiyya da cin jarrabawa, in ya dawo ya wuce allo da yamma. Matsalar tana karkara. Shugaba Paul Biya ya soke kuɗin firamaren gwamnati a 2000, amma malamai ba su wadata ba, sai ƙungiyoyin iyaye suka koma ɗaukar nasu suna biya daga aljihu, waɗanda ake kira malaman iyaye. Manomin auduga da ƙauyensa ke da makaranta ɗaya tak, wane zaɓi ya rage masa? Ko ta mishan ce ko ta gwamnati, can zai kai ɗansa, ko ya bar shi a gona.

To, a nan ne hanyar gyara take. Ƙungiyar iyaye ita ce inda Musulmi da Kirista da mai bin addinin gargajiya suka riga suka zauna benci ɗaya suna haɗa kuɗi. Abin da suka rasa shi ne iko. Makarantar addini da ke karɓar tallafin gwamnati, musamman inda babu wata kusa, ya kamata a ɗaura mata sharaɗi: iyayen kowane ɓangare su sami kujera a hukumarta, a ware darasin addini a lokacinsa, kuma uba ya iya cire ɗansa daga darasin ba tare da an rage wa yaron maki ba. Wannan ba ya buƙatar ƙwace makaranta daga hannun masu ita, kamar yadda jihohin Najeriya suka yi a shekarun 1970, daga baya wasu, irin su Anambra, suka mayar da su.