Harry Brearley da Ƙarfen da Ba Ya Tsatsa

An haifi Harry Brearley ranar 18 ga Fabrairu, 1871, a Sheffield, birnin Ingila da ya yi suna wajen narka ƙarfe da ƙera wuƙaƙe. Ɗan talakawa ne, mahaifinsa ma'aikaci ne a masana'antar ƙarfe ta Thomas Firth. Yana shekara 12 ya bar makaranta ya kama aikin ƙarfi, daga baya aka mayar da shi ɗakin gwaje-gwaje yana wanke kwalabe. A nan ya tsinci ilimin sinadarai, da rana aiki, da dare karatu. Kamfanin ya tura shi Riga ya yi wasu shekaru, sannan a 1908 aka damƙa masa sabon ɗakin bincike na Brown Firth.

Abin da ya kai shi ga sa'arsa ba shi da alaƙa da cokali ko wuƙa. Cikin bututun bindiga ne ke saurin zaizayewa saboda zafin harbi, aka ce ya nemo magani. Ya yi ta haɗa ƙarfe da kuromiyam, yana ƙarawa yana ragewa. Ranar 13 ga Agusta, 1913, ya narka wani haɗi mai kuromiyam kashi 12.8 cikin ɗari da kabon kashi 0.24. Kafin a duba ƙarfe a na'urar ƙara girma, sai an goge shi sumul an ɗiga masa asid don zanen cikinsa ya fito. Wannan haɗin kuwa asid ya ƙi cin sa. Dalilin shi ne kuromiyam na haɗuwa da iskar oksijin ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, wadda ko an karce ta sai ta sake rufewa da kanta.

Brearley ɗan Sheffield ne, don haka tunaninsa ya tafi kan wuƙar cin abinci, wadda a lokacin kullum sai an dirje ta. Iyayen gidansa ba su ga riba a ciki ba. Ernest Stuart na kamfanin R. F. Mosley ne ya ƙera wuƙaƙen, ya gwada su da ruwan khal, suka fito ba tabo.

Rigima kan haƙƙin mallaka ta sa Brearley ya bar Firth a 1915 ya koma kamfanin Brown Bayley. Ba shi kaɗai ya gano irin wannan ƙarfe ba, domin masana a kamfanin Krupp na Jamus da Elwood Haynes a Amurka suna kan irin wannan bincike a lokacin. Magajin Brearley a ɗakin bincike na Brown Firth, W. H. Hatfield, shi ne ya fitar da haɗin kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 a 1924, irin wanda aka fi yin tukwane da cokula da shi yau.

An ba Brearley lambar zinare ta Bessemer a 1920. Ya rasu a Torquay ranar 14 ga Yuli, 1948.