Yadda ake zaɓen fitilu don ɗakin ɗaukar hoto a gida

Mutane da dama da ke shirin buɗe ɗakin ɗaukar hoto a gida kan zuba kuɗinsu a kan kyamara, su bar fitila a baya. Alhali kyawun hoton fuska ya fi dogara ga haske, domin shi ke fito da siffar mutum ko ya ɓata ta.

Fitilun iri biyu ne. Akwai mai haske a tsaye, wadda galibi ta LED ce, ba ta zafi sosai kuma ba ta cin wuta. Amfaninta ga sabon shiga shi ne yana ganin inda inuwa ta faɗa kafin ya ɗauki hoton, kuma tana aikin bidiyo. Akwai kuma mai walƙiya, wadda ta fi ƙarfi, sai dai tana buƙatar a daidaita ta da kyamara, domin yawancin kyamarori ba sa tafiya da ita idan saurin ɗaukarsu ya wuce 1/200 ko 1/250 na daƙiƙa.

Lambobi biyu ya kamata mai saye ya duba a jikin kwali. Ta farko ita ce launin haske: 5600K ya yi daidai da hasken rana, 3200K kuwa ruwan ɗorawa ne irin na tsohon ƙwan lantarki. Haɗa su a ɗaki ɗaya kan jirkita launin fata. Ta biyu ita ce CRI, wadda ke nuna yadda fitila ke fito da launi na gaskiya. Ana son ta kai 95 ko fiye.

Fitila tsirara tana haifar da inuwa mai kauri da ƙyalli a goshi, musamman ga mai baƙar fata. Maganin haka shi ne farar laima ko akwatin tausasa haske. Laima ta fi araha, akwatin kuma ya fi tattara hasken wuri guda. Fitilar da ke da mahaɗin Bowens, kamar yawancin manyan fitilun Godox, tana karɓar irin waɗannan kayan daga kamfanoni daban-daban.

Fitila ɗaya ta isa farawa. Ana ajiye ta a gefe, kimanin digiri 45 daga fuska, sama kaɗan da ido, sannan a sa farin kwali a ɗaya gefen ya mayar da haske. Idan aka ninka tazarar fitila daga mutum, hasken da ke isa gare shi kan koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka kusantar da ita kan wadatar a ƙaramin ɗaki.

Wutar Nijeriya bolt 230 ce, saboda haka fitilar da aka ƙera don bolt 120 na Amurka kaɗai za ta ƙone idan aka jona ta kai tsaye. Ganin yadda ake yawan ɗauke wuta, mai aiki da batir ta fi dacewa, domin abokin ciniki da ya zo hoton biki ko na Sallah ba zai zauna jiran a tayar da janareta ba.