Ga mai son komawa ɗaukar hoto: ɗan tarihi daga Kano zuwa Durba

1/ Idan kana cikin waɗanda suka jingine kyamara shekara da shekaru, yanzu kuma sha'awar ta dawo, zo mu zauna. Musamman ku mutanen Durba, Kibiya da Rano. Kafin ka kakkaɓe mata ƙura, ga ɗan tarihin abin da za ka koma wa.

2/ Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairun 1903. Tsofaffin hotunan ƙasar Kano da ake yawo da su yau, yawanci baƙi ne suka ɗauka: ganuwa, ƙofofi, Kasuwar Kurmi, karofi. Abin da ya burge idonsu shi suka ɗauka, ba abin da ya dame mu ba.

3/ Hawan Daba ya sha kyamara: na 1925 da Yariman Ingila ya zo Kano, da na 1956 da aka yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna. Haka dalar gyada. Amma fa ku lura, dalar ce a hoton. Manomin ƙauye da ya noma gyadar, da wuya ka ga fuskarsa, balle sunansa.

4/ 'Yan ƙasa ma sun riƙe kyamara tun da wuri. Jonathan Adagogo Green yana sana'ar hoto a Bonny tun shekarun 1890. A biranen Arewa, da yawa daga masu shagon hoto na farko 'yan Kudu ne mazauna Sabon Gari, kafin yaranmu su koya su buɗe nasu.

5/ A ƙauye kuwa, mai hoto ne ke zuwa: ranar kasuwa, ranar Sallah, ranar biki, a kan keke ko babur. Fim ɗaya hoto 36 yake ci, wani 24. Sai ya cika a kai birni a wanke. Shi ya sa kowa ke cin kwalliya ya tsaya cak, don ba a ɓarnar fim.

6/ Wasu ba don kwalliya suka fara tsayawa gaban kyamara ba. Fasfo na tafiya Hajji, takardar makaranta, katin shaida. A gidaje da yawa, ɗan ƙaramin hoton nan shi kaɗai ne fuskar kaka da ta rage wa jikoki.

7/ Sai zamani ya juya. A 1975 injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar da ba ta buƙatar fim. Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, daga baya ta zo da kyamara a jikinta. A 2012 ita kanta Kodak ta shelanta karyewa. Masu hotonmu da dama suka sake sana'a.

8/ Abin mamaki: yau mun fi kowane zamani ɗaukar hoto, amma me ya rage a hannu? Waya ta faɗa ruwa ko a sace ta, hotunan shekara biyar sun tafi. Na takarda kuma suna ƙasan akwati, gara da damina na cin su.

9/ Ku dubi Mali. Malick Sidibé ya yi ta ɗaukar samari da 'yan matan Bamako a shekarun 1960, ya adana nagatif ɗinsa. A 2007 aka ba shi lambar Zakin Zinare a birnin Venice. A nan gida, Fati Abubakar ta nuna wa duniya rayuwar yau da kullum ta Maiduguri ana tsakiyar rikici. Dukansu mutanen gida suka ɗauka.

10/ Mu ma akwai abin ɗauka. Rano tana cikin Hausa Bakwai. An ɗaga masarautarta a 2019, aka rushe a Mayun 2024, aka dawo da ita da daraja ta biyu a Yulin shekarar, da Rano, Bunkure da Kibiya a ƙarƙashinta. Dam ɗin Tiga na zamanin Audu Bako ya canza noma a kudancin Kano. Duk a idon mutanen da ke raye aka yi.

11/ To ga aiki. Na farko, kafin sabon hoto, nemi tsofaffin na gidanku, ka sake ɗaukar su da kyau, ka tambayi dattawa wane ne wannan tun suna nan. Na biyu, duk hoton da ka ɗauka, rubuta suna, wuri da shekara. Na uku, ka wanke mafi muhimmanci a takarda.

12/ Ka ɗauki rumbu, ginin ƙasa, maƙera, sussukar dawa, makarantar allo, ba hawan Sallah kaɗai ba. Kuma ka nemi izini, musamman wajen mata da cikin gidan mutane. Wanda ya ce a'a, ka sauke kyamara.

13/ Ba sai kana da mai tsada ba, wayar hannunka ma ta isa. Mai tsohon hoton Durba, Kibiya ko Rano, ya ajiye mana a ƙasa tare da shekararsa, mu gani mu ƙaru. Allah Ya jiƙan magabata.