Takalmi, Doki da Homa: Mas'alar Adalci a Fagen Tsere

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin filin makaranta a Dapchi ko Gashuwa ranar gasar guje-guje, sa'ad da hunturu ya ja da baya, rairayi ya fara ɗaukar zafi, ya ga yara sun jeru a kan layin da aka zana da toka, wannan ba takalmi, wancan da kambas ɗin gwanjo, na ukunsu da takalmi mai ƙusoshi wanda wansa ya aiko masa daga Kano, to, lalle ya ga mas'alar da ta hana hukumomin wasanni na duniya sakat, ko da bai san sunanta ba. Idan mai ƙusoshin nan ya riga kowa isa, wa ya ci, ƙafarsa ko aljihun wansa?

Ba yau aka fara wannan tambaya ba, kuma malamanmu sun daɗe da yin ta. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa an yi sukuwa a Madina tsakanin dawakin da aka horar daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada'i, tafiyar mil shida ko kusa da haka, sa'an nan ya sa waɗanda ba a horar ba suka yi tasu daga Saniyya zuwa masallacin Bani Zuraiƙ, kamar mil ɗaya. Horon nan kuwa, wanda Larabawa ke kira talmiri, dabara ce cikakkiya: a ƙosar da doki har ya yi ƙiba, sa'an nan a rage masa harawa, a lulluɓe shi da barguna a ɗaki har gumi ya tsiyaye, namansa ya ɗaure, numfashinsa ya yi tsawo. Ba a haramta dabarar ba, ba a kuma zargi mai yin ta ba. Abin da aka ƙi shi ne a gwama dokin da ya sami wannan gata da wanda bai samu ba, a ce musu ku kara. A wani hadisin an hana abu biyu a sukuwa, jalabu da janabu, wato mutum ya sa wani ya bi bayan dokinsa yana yi masa tsawa, ko ya jawo wani doki a gefe wanda zai koma kansa idan na farko ya gaji. Shehu Halil ma, a babin musabaƙa na Muhtasar, ya sharɗanta a ayyana mafari da maƙura da abin hawa tun kafin a saki linzami.

Da wannan mizani nake so mu auna abin da ya faru a Biyana ta ƙasar Ostiriya ran 12 ga Oktoba 2019, inda Eliud Kipchoge, mutumin Kenya, ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42 da 'yan kai cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, abin da ba a taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba. Mutum 41 ne suka riƙa karɓa-karɓa suna tare masa iska, mota tana gabansa tana haska masa zane a ƙasa don ya san saurin da zai riƙe, ga kuma takalmin Nike a ƙafarsa mai soso mai kauri da faranti a ciki, wanda ke mayar wa mai gudu wani kaso na ƙarfin da ya taka ƙasa da shi. Hukumar guje-guje ta duniya ba ta rubuta wannan lokaci cikin kundinta ba, kuma a ganina ta yi daidai, domin rakiyar nan jalabu ce tsantsa, ko da yake babu mai hankalin da zai musa bajintar mutumin.

Takalmin shi ne ya fi wuyar hukunci. A watan Janairu na 2020 hukumar ta yanke cewa kaurin ƙasan takalmin gudun titi kada ya wuce milimita 40, faranti kada ya wuce ɗaya, kuma sai takalmin ya yi wata huɗu a kasuwa, yadda kowa zai iya saya, kafin a shiga gasa da shi. Masu ninƙaya sun fi su zafin hannu, gama bayan da aka karya tarihi sau 43 a gasar Rum ta 2009 da wasu riguna masu ɗaga jiki a kan ruwa, sai aka soke rigunan ɗungurungum daga farkon 2010.

Sharaɗin kasuwar nan shi ne inda zuciyata ba ta natsu ba. Takalmin Adidas da Tigist Assefa ta Habasha ta sa a Balin cikin Satumban 2023, ranar da ta gama gudun fanfalaki cikin awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53, dala 500 aka sa masa. A wurin mai doka, abin da ke kan kanta kowa ya same shi. Amma manomin gero a Bursari, wanda zai sayar da buhuna masu yawa kafin ya haɗa wannan kuɗi, ya san bambancin halascin saye da ikon saye, kamar yadda fuƙaha'u suka san hajji ba ya hawa kan wanda ba shi da guzuri alhali ba wanda ya tare masa hanyar Makka. Abebe Bikila, ɗan ƙasar su Assefa, ya ci zinariya a Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, kuma abin da ke ba ni tsoro shi ne a wayi gari irinsa, ko da Allah ya halicce shi a Nguru ko Machina, ya faɗi tun a gasar ƙaramar hukuma, ba wanda ya gane shi.

Za a ce mini ai daidaito bai taɓa tabbata ba, wani an haife shi a kan tsaunuka, wani yana cin nama kullum, wani kuwa kunu. Gaskiya ne, sai dai wannan rabo ne wanda alƙalin wasa ba shi da iko a kansa, alhali abin da ake ɗaurawa a jiki ranar gasa yana hannunsa. 'Yan dambe sun gane haka da daɗewa: an yarda kowa ya naɗe hannunsa da zare, an yarda ya zo da layunsa a bayyane, amma wanda ya cusa ƙarfe ko fasasshiyar kwalba cikin naɗin, algus ya yi, ko da ya kashe abokin karawarsa a turmin farko. A Argungu kuma, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, dubban masunta ke afkawa Matan Fada da homa da gora kawai, ba don an jahilci jirgi mai inji ba, sai don ana son a san wanda ya fi sanin ruwa.

Ina roƙon malaman wasanni na makarantunmu, da masu shirya bikin su na Bade a Gogaram, da masu sukuwar salla a masarautun arewacin Yobe, su faɗi abin da aka yarda a zo da shi tun kafin ranar gasa. Inda makaranta za ta iya sayen takalma 'yan kaɗan a riƙa ara wa duk wanda ya kai zagayen ƙarshe, ta saya. Inda ba hali, a raba tseren gida biyu kamar yadda aka raba dawakin Madina, masu ƙusoshi su kara da junansu, marasa takalmi su yi nasu da sanyin safiya kafin rairayi ya gasu, a kuma rubuta sunan kowane gwani da lokacinsa a littafi ɗaya.